In Masai Ya Toshe

Maigida, a garuruwanmu na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum masai iri biyu ne. Akwai salga irin ta kaka da kakanni, watau rami da rufi a bisa. Akwai kuma na zamani mai kwanon tangaran ko na roba, wanda a ke kora wa ruwa da bokiti, ƙazanta ta bi bututu ta faɗa ramin da magina ke kira sokawe. Na biyun nan shi ne mai toshewa.

Ran da ka zuba ruwa ya ƙi wucewa, kada ka yi ta ƙara wani, gama zai tumbatsa ya malale tsakar gida inda yara ke rarrafe. Hana kowa shiga tukuna. Abin da za ka fara sani shi ne, wuya ne ya toshe ko rami ne ya cika, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Ɗaga murfin ramin, ka ja da baya iska ta fita, sa'an nan ka zura dogon kara. Haska da tocila, ban da ashana, don iskar ramin tana kama wuta. In ka ga da sauran wuri, to, ɓarnar tana wuya.

Ƙarƙashin kwanon akwai wata lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Kullum ruwa kaɗan na kwance cikinta, shi ke tare wari da ƙuda. Wuri ne matsattse, an yi shi don bayan gida da ruwa kaɗai. Abin da ya kan maƙale a nan sananne ne: totuwar masara, tsumma, leda, audugar mata, ƙunzugun jarirai na kanti, har da dutsen da yaro ya jefa don ya ji ƙararsa.

Sa safar roba, in babu ka ɗaura leda biyu a hannu. Ciro duk abin da idonka ya gani. Kaɗa garin sabulu cikin bokiti ɗaya na ruwan zafi, ka zuba rabi, ka bar shi kamar rabin sa'a, kana ka kwarara sauran daga tsayin ƙugu. Ruwan kada ya zama tafasasshe, yana fasa tangaran. In bai wuce ba, nemi robar zuƙar nan mai mariƙin sanda da a ke sayarwa wajen masu kayan famfo. Wanda ba shi da ita ya naɗe tsumma a kan sanda, ya rufe da leda, ya ɗaure tam, yadda zai cika bakin kwanon. Danna ka saki, danna ka saki, kamar sau 20. In har yanzu shiru, tura tiyo mai kauri a hankali kana murzawa. Rodi kuwa ajiye shi, huda gwiwar zai yi, aikin yini ɗaya ya zama na magini. Abin da ya fi ƙarfin tiyo, kira mai aikin famfo.

Wasu za su ba ka shawarar ruwan batir, ko kananzir, ko fetur. Kada ka ji. Ba su narkar da leda, sai dai su ƙone hannu da ido, su kashe ƙananan halittun da ke cinye ƙazanta cikin rami. Ruwan batir in ya gamu da Hypo yana ta da hayaƙi mai shaƙe mutum.

To, in rami ne ya cika fa? Salga in saura kamu ɗaya ta kai baki, ta gama aikinta. Cika ta da ƙasa, a haƙa wata, nesa da rijiya da mita 30, watau kamar taki 40, kuma ta gangaren rijiyar. Tsohuwar a bar ta shekara 2 a rufe. Bayan haka abin cikinta ya zama taki, ƙwan tsutsar ciki ya mutu. Sokawe kuwa sai masu kwasa, su haƙa rami nesa da gari da ruwa su binne. Kada ka shiga ramin da kanka, kada ka tura yaro. Iskar ƙasansa na sumar da ƙato kafin ya yi kira, mai bin sa ceto ma haka.

Akwai wata ɗabi'a da mu ma'aikatan ɗakin magani muka fi jin tsoro. Mutum ya jira ruwan sama ya kece, ya huda gindin ramin ya saki ƙazanta ta bi kwata. Shi dai ya huta da kuɗin kwasa, amma ruwan nan rijiyar maƙwabci zai shiga, ko ya gangara Gulbin Zamfara inda mata ke wanki, yara na iyo. Haka amai da gudawa ke kama gari. A 2021 cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000. A daminar 2024 ambaliya ta rushe gidaje da yawa a Gummi, a ta 2025 kuma cutar ta ɓulla a ƙauyukan Bukkuyum, aka yi rashin rayuka. Ba a fafe gora ranar tafiya: auna raminka tun bazara, ka ɗaga bakinsa da yumɓu ko siminti don kada ruwa ya kwarara ciki.

In ka gama aikin, wanke sanda da bokiti da daɓen da ruwan Hypo, ka binne tsumman. Wanke hannu da sabulu har gwiwa kafin ka taɓa abinci. Uwargida ta ajiye kwando mai murfi a ƙofar masai don leda da ƙunzugu. In kuwa wani ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ya riƙa kurɓa a hanya, a kawo mana shi ɗakin magani ko da tsakar dare ne.