Daga A-kori-kura Mai Dizal Zuwa Jif Mai Fetur

Bara na sayar da a-kori-kurar dizal da muke jan tankin ruwa zuwa ƙauyuka, na koma jif mai fetur, don kuɗin gyara ya ishe ni. To, ga bambancin. Injin dizal tun yana juyawa a hankali yake ba da ƙarfin ja, na fetur kuwa sai ka taka shi sosai, shi ya sa yake zuƙar mai in da kaya. Ruwa lita 1,000 kilo 1,000 ne fa, ban da tirelar. Duba littafin motarka ka ga iyakarta. In ka wuce, giya ta ɗau zafi, birki ya gaza a gangara. Mu dai yanzu sawu biyu muke yi.