Injiniyan Manhaja: Aikin da Ba a Ganin Mai Yin Sa

Wata Juma'a da yamma na tsaya wurin mai POS a bakin kasuwa zan ciri dubu goma. Ya zura kati, na danna lambar sirri, na'ura ta yi ta juyi, can ta ce ciniki bai yiwu ba. Ban kai ga mayar da katin aljihu ba sai ga alat, an cire kuɗin. Yaron ya ce, "Alhaji, netwok ne, za su dawo maka da su." Haka kuwa aka yi bayan kwana biyu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan "za su" ɗin. Su wa? A mafi yawan lokuta babu wani akawu da ya zauna da biro yana bin sawun dubu gomata. Wani mutum ne, wataƙila shekaru da suka wuce, ya rubuta wa kwamfuta umarni cewa in an cire kuɗi a nan amma ba su isa can ba, a jira, a sake tambaya, in an ji shiru a mayar wa mai su. Wannan mutumin shi ne injiniyan manhaja.

Manhaja dai jerin umarni ce da aka rubuta wa na'ura, domin kwamfuta da waya ba su san komai ba sai abin da aka gaya musu dalla-dalla. Ana rubuta umarnin da wasu yaruka na musamman. Akwai Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, kuma da shi ɗalibai da yawa ke fara koyo saboda sauƙin karantawa. Akwai JavaScript na 1995, wanda kusan duk shafin intanet da ka buɗe yana ɗauke da shi. Akwai Java da Kotlin da ake gina manhajojin wayar Android da su, da SQL da ake tambayar rumbun bayanai da shi. Matasa kan ɓata watanni suna gardamar wane yare ya fi wani. A ganina wannan gardamar 'yan koyo ce. Wanda ya ƙware a yare ɗaya, na biyun ba ya ba shi wahala sosai, kamar telan da ya saba da keken ƙafa aka ba shi mai lantarki. Sanin yanka da awo shi ne ɗinkin, ba keken ba.

To mene ne yankan da awon a wannan sana'a? Ɗauki kuɗi. Idan ka ce wa Python ta haɗa 0.1 da 0.2, amsar da za ta ba ka ita ce 0.30000000000000004. Ba lalacewa ta yi ba, haka kwamfuta ke ajiye lambobi masu ɗigo, da ɗan ragowa a can ƙarshe. Ɗan koyo ba zai damu ba. Wanda ya daɗe a aiki ya san cewa wannan ɗan ragowar, in ta taru a cinikin miliyoyin mutane, lissafin banki ba zai taɓa daidaita ba. Shi ya sa yake ajiye kuɗi a kwabo, ba a naira ba: naira ɗari biyar ya rubuta ta 50000, lamba cikakkiya ba ɗigo. Haka kuma zai tambayi kansa, idan netwok ya yi nauyi, mai tura kuɗi ya ƙosa ya danna maɓallin sau uku fa? Sai ya ba kowane ciniki lamba tasa ta daban, yadda in buƙata ɗaya ta iso sau uku, sau ɗaya za a biya. Babu littafin koyon yare da ke fara maka da wannan. Ana sanin sa ne bayan an ga ranar da aka cire wa mutane kuɗi sau biyu, waya tana ta ƙara a ofis.

Mu Hausawa muna da namu misalin a kusa. Sau nawa ka ga an buga Ɗanladi ko Ƙaraye a takarda, harafin farko ya koma alamar tambaya ko wani ɗan akwati? Haruffan ɓ, ɗ da ƙ duk suna cikin tsarin Unicode da duniya ta amince da shi tun tuni. Wanda ya gina manhajar ne bai yi tunanin akwai masu irin waɗannan sunaye ba, ko bai gwada ba. Kuskuren injiniya yawanci ba a abin da ya rubuta yake ba, yana cikin abin da bai zo masa a rai ba.

Kuma kuskuren kan yi tsada. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta na farko. Da aka bincika, sai aka ga an ɗauko wani sashe na manhajar tsohuwar roka Ariane 4 an saka a sabuwar. Sabuwar ta fi gudu, wata lamba ta yi girman da ya wuce 32,767, iyakar abin da gurbin da aka tanadar mata zai iya ɗauka, na'urar saita hanya ta tsaya. Umarnin da ya yi shekaru yana aiki lafiya shi ya kashe rokar, don ba a sake tambayar ko ya dace da sabon wuri ba. Akasin haka ya faru a 1969, lokacin da kumbon Apollo 11 ke sauka a duniyar wata. Aiki ya yi wa kwamfutar kumbon yawa, ta fara ƙararrawa. Amma ayarin da Margaret Hamilton ta jagoranta a cibiyar MIT ta Amurka sun riga sun tsara cewa in haka ta faru, na'urar ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe na sauka. Aka sauka lafiya. Ita wannan baiwar Allah tana cikin waɗanda suka dage a kira aikin injiniyanci, a lokacin da ake ganin rubuta umarni ƙaramin aiki ne.

Wanda ya ɗauka injiniyan manhaja yana yini yana buga allon rubutu kamar a fim zai sha mamaki. Mafi yawan yininsa karatu ne: karanta abin da wasu suka rubuta, wani lokaci mutanen da suka bar kamfanin tuntuni, da neman inda matsala ta ɓuya. Zai iya kwana biyu yana farautar kuskuren da gyaransa layi ɗaya ne. In ya gama, ba ya tura aikin kai tsaye. Sai ya rubuta gwaje-gwajen da za su tabbatar gyaran bai ɓata wani wuri ba, sannan abokin aiki ya duba layi-layi ya yi masa gyara. Ana ajiye tarihin kowane canji da sunan wanda ya yi shi a wani tsari mai suna Git, wanda Linus Torvalds, mai Linux, ya ƙirƙira a 2005. Saboda haka ba a ɓoye laifi a wannan aiki. Mai girman kan da ba ya son a gyara masa ba ya daɗewa. Sai kuma taro da masu kuɗin aikin, waɗanda sau da yawa ba su san ainihin abin da suke so ba sai an nuna musu abin da ba sa so.

Daga nan ake gane matakan aikin. Ƙaramin injiniya ana yanka masa aiki a ba shi. Na tsakiya ana gaya masa matsala ya nemo hanya. Babba shi ne wanda zai ce kada ma a gina wannan abin, ga hanya mafi sauƙi, kuma shi ake tasa da tsakar dare in komai ya tsaya. Ba yawan yarukan da ya sani ke kai mutum can ba. Yawan abubuwan da suka lalace a hannunsa ya gyara ne.

Shi ya sa masu ɗaukar aiki ke nacewa kan gogewa, har sabon ɗalibi ya rasa ta ina zai shiga: ba aiki sai da gogewa, ba gogewa sai da aiki. Digiri yana da amfani, kada a ruɗe ka. Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka kafa kamfanin Paystack a Legas har kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200, kimiyyar kwamfuta suka karanta a Jami'ar Babcock. Amma sun yi shekaru suna gina manhajoji kafin nan. Takarda tana buɗe ƙofa, sai dai a wurin ganawa za a ce maka, nuna mana abin da ka gina. Kuma ƙofar samun gogewa ba a rufe take ba. Islamiyyar unguwarku tana rubuta kuɗin wata a littafi. Mai shagon magani bai san wane kwali ne zai lalace wata mai zuwa ba. Gina musu ƙaramar manhaja, ka bar su su yi aiki da ita wata uku, su kira ka duk lokacin da ta ƙi. Abin da za ka koya a wata ukun nan ya fi bidiyon koyarwa ɗari. Ka ɗora aikin a shafin GitHub inda kowa zai gani. Akwai kuma wuraren haɗuwar masu wannan sana'a, irin su CoLab a Kaduna, da shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa.

Sai dai a faɗi gaskiya, domin masu tallar kwas na wata uku ba za su faɗe ta ba. Albashin dala da ake ta labari akwai shi, amma na waɗanda suka yi shekaru ne, kuma suka iya rubuta bayani da Turanci mai tsafta, don aikin nesa rabinsa rubutu ne. Manyan kamfanonin Amurka sun sallami dubban ma'aikata a 2022 da 2023. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, na'ura na iya rubuta ƙananan ayyukan da a da ake ba 'yan koyo, don haka matakin farko ya ƙara tsauri. Ita na'urar takan yi kuskure da cikakken ƙarfin hali, kuma sai wanda ya san aikin ne zai gane. Ga matsalar wuta da tsadar data, waɗanda ɗan koyo a Gusau ko Maraɗi ke fama da su kafin ma ya buɗe darasi.

Kirana ga iyaye ne. Ba duk yaron da ya kwana gaban kwamfuta ne ɗan yahu ba, kuma ba duk wanda ya ce yana koyo ne yake koyo ba. Ku zauna kusa da shi ku ce ya nuna muku abin da ya gina, ya kuma gaya muku wa ke amfani da shi. In ya nuna, ku taimaka masa da kuɗin data da ɗan sola. 'Ya'ya mata ma a ba su wannan dama, domin aiki ne da mace za ta iya yi daga ɗakinta.