Abin da ya kamata ku sani: me ya sa ciwon hanta ke dawowa bayan dashe?

Mutane da yawa sun ɗauka idan aka yi wa mai ciwon hanta dashen sabuwar hanta, shi ke nan ya rabu da cutar. Ba haka abin yake ba. Ƙwayar cutar nau'in B ba a hanta kaɗai take zama ba, tana yawo cikin jini, tana kuma laɓewa a wasu sassan jiki. Da an saka sabuwar hanta sai ta nufe ta, ga shi kuwa an rage wa majinyaci ƙarfin garkuwar jiki da magani don kada jikinsa ya ƙi karɓar dashen.

Likita Thomas Starzl ne ya fara yin dashen hanta cikin nasara a Denver ta Amurka a 1967. A shekarun baya, cutar tana dawo wa galibin masu nau'in B da aka yi wa aikin. Daga baya aka samo allurar garkuwa mai suna HBIG da ƙwayar magani lamivudine, abin ya ragu sosai.

Sai dai ƙwayar cutar tana sauya kama. Tana hayayyafa da yawan gaske kullum, kuma ba ta gyara kurakuran da ke shiga ƙwayoyin halittarta. Cikin 'ya'yan sai a samu waɗanda magani ba ya taɓawa, su ne za su rayu su yaɗu, kamar ƙwarin gona da suka saba da feshi. Sauyin da likitoci ke kira YMDD yana kashe tasirin lamivudine. Bayan shekara 5 ana shan shi, kusan kashi 70 cikin 100 sukan samu wannan turjiya. Wani sauyin, G145R, yana sa ta kuɓuce wa HBIG. Shi ya sa yau aka koma tenofovir da entecavir, waɗanda da wuya ta fi ƙarfinsu. Nau'in C kuwa yakan dawo wa kusan duk wanda aka yi wa dashe da cutar a jininsa, amma magunguna irin su sofosbuvir suna warkar da fiye da kashi 95 cikin mako 12.

Ina ruwan mutumin Karaye ko Rogo da wannan? Wani binciken ƙasa mai suna NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, yawanci ba su sani ba. Asibitin Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, amma masu neman dashen hanta sukan tafi Indiya ko Masar, kuɗin kuwa ya fi ƙarfin manomi. Abin da ke hannunmu shi ne hana hanta lalacewa tun farko.

Ku yi gwajin jini, musamman kafin aure da lokacin awon ciki. A yi wa jariri rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haife shi, sannan a cika na mako 6 da 10 da 14. Wanzami ya yi wa kowa aski, kaciya ko ƙaho da sabuwar reza. A busar da gyaɗa da masara sosai, domin gubar fumfuna tana haɗuwa da cutar ta jawo kansar hanta.

Wanda likita ya ɗora kan magani kada ya sayi wani a kemis da ka, kada kuma ya daina don ya ji sauƙi. Shan magani yau a bari gobe shi ke bai wa ƙwayar damar sauyawa, ko ta taso da ƙarfin da zai iya kashe hantar.