Idan sandar sirdin keke ta ƙi motsi

Matsalar kan fito fili ne ranar da keke ya sauya hannu. Yaya ya bar wa ƙanensa keken zuwa makaranta, an kwance ƙusar da ke riƙe sandar sirdi domin a rage tsayi, sai sandar ta ƙi gaba ta ƙi baya. Yaron da ƙafarsa ba ta kai feda ba sai dai ya yi ta tuƙi a tsaye, ko keken ya koma jingine a zaure.

Tushen abin danshi ne. Ruwan damina yakan gangara ta bakin bututun firam ya kwanta a ciki. Idan sandar da firam ɗin duk ƙarfe ne, tsatsa ce ke liƙe su. Idan kuwa sandar alminiyom ce, irin ta kekunan gwanjo da yawa, haɗuwarta da ƙarfe cikin laima kan haifar da wani farin gari mai kumbura, ya cike 'yar tazarar da ke tsakaninsu.

Wannan bambanci ne ke nuna maganin da ya dace. Ga tsatsa, ana ɗiga kananzir ko man kwance ƙusa, a bar shi kwanaki yana ratsawa. Ga alminiyom kuwa, wuta ba ta taimakawa, domin yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, sai ya ƙara matsewa. Sanyaya sandar da ƙanƙara ya fi amfani.

Masu gyaran keke kan kifa keken, su danne sandar a matsen ƙarfe na kan benci, sannan su riƙa murɗa firam ɗin dama da hagu a hankali. Kuskuren da ya fi yawa shi ne duka da guduma daga sama, wanda kan ƙara nutsar da sandar ko ya tsaga bakin bututu, firam ya tashi aiki.

In duk dabara ta ƙare, ana yanke sandar a bar ɗan kai a waje, a zura zarton ƙarfe a tsaga ta tsaye daga ciki, a matse ta da filaya har ta saki. Aikin na cin sa'o'i.

Rigakafin kuwa bai wuce minti biyar ba: a zare sandar sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya sauka, a goge ta, a shafa mata giris, a mayar.