Tarwada goma, takwas maza: Laifin mai ƙyanƙyasa ne ko sa'a ce?

A bayan madafin gidanmu da ke cikin ganuwa, ba nisa da Ƙofar Na'isa, akwai wani lungu da a da ake jibge tsofaffin kwanuka da turmin da ya tsage. Bara yayana ya share wurin, ya kafa tankunan roba biyu, ya zuba 'ya'yan tarwada ɗari biyu da ya sayo a wajen wani mai ƙyanƙyasa a bayan gari. Ni aka ɗora wa ba su abinci da canjin ruwa, wai tunda ni ce ke karatun kimiyyar halittu a Jami'ar Bayero. Ban yi musu ba, don an yi mini alƙawarin kaso a cikin riba.

Da suka cika wata shida muka sayar wa masu gasa kifi da mafi yawansu. Yaya ya zaɓi guda goma da suka fi ƙiba ya ware, ya ce su ne iri. Burinsa shi ne ya daina sayen 'ya'ya, ya riƙa ƙyanƙyasa da kansa, har ma ya sayar wa wasu. Muka ci gaba da ɗura wa goman nan abinci na tsawon wata huɗu, kuma duk wanda ya taɓa kiwon kifi ya san abincin ne ke cinye jari.

Ranar da wani abokinsa da ya iya aikin ya zo duba su, sai ya riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tawul yana kifar da cikinsu sama. Namiji. Namiji. Namiji. Da aka gama ƙirga, takwas maza, biyu mata.

"Wallahi mutumin nan ya cuce ni," in ji Yaya. "Tace matan ya yi ya ɓoye, don kada wani ya yi gasa da shi."

Inna kuwa daga bakin murhu ta ce, "Kai dai ka gode wa Allah, wasu mazan suke nema ido rufe."

Aka yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shin da gaske an cuce mu?

Abu na farko da na gano bai yi wa Yaya daɗi ba. Ɗan tarwadar da bai wuce tsawon yatsa ba, babu mai iya kallonsa da ido ya ce mace ce ko namiji. Alamar ba ta fitowa sosai sai kifi ya tasa. A bayan dubura namiji yana da wani ɗan tsiron tsoka mai tsini da ya miƙe wajen wutsiya, ita kuwa mace nata zagayayye ne mai ɗan tsagu, kuma idan ta ɗauki ƙwai cikinta yakan kumbura ya yi laushi. Ke nan ko da mai ƙyanƙyasar ya so tace mata daga cikin dubban 'ya'ya, ba shi da hanyar yi. Mu ne muke da damar dubawa ranar da muka ware goman, muka kuma bar ta ta wuce, domin ƙiba muka bi, ba mu kifar da ko ɗaya ba.

Tarwadar da muke kiwo, wadda masana ke kira Clarias gariepinus, ta samo sunanta ne a 1822 daga kogin Gariep na Afirka ta Kudu. Mafi yawan binciken da aka yi a kanta ya nuna cewa tsarin jinsinta irin na ɗan Adam ne. A cikin ƙwayoyin gado mace tana ɗauke da X biyu, namiji yana da X da Y. Kowane ƙwai na uwa X yake bayarwa. Maniyyin uba ne ya rabu gida biyu, rabi X rabi Y, kuma wanda ya riga shiga ƙwan shi ke yanke hukunci. A shekarar 2000 masana a ƙasar Hungary sun gano alamomin gado da ake samu a jikin namijin tarwada kaɗai, abin da ya ƙarfafa wannan fahimta.

A nan sai na tuna da matan da ake yi wa gori, wasu har a yi musu kishiya, saboda suna haihuwar 'ya'ya mata zalla. Tun 1905 wata Ba'amurkiya mai suna Nettie Stevens ta nuna, a binciken da ta yi kan wani ƙwaro, cewa daga ɓangaren namiji bambancin yake zuwa, kuma haka abin yake ga mutane. Kazar gidanku ce ke da akasin haka. A wajen tsuntsaye uwa ce ke ɗauke da ƙwayoyin iri biyu, don haka ita za a tuhuma idan 'yan tsaki suka fito duk zakaru.

To idan rabi da rabi ne, ina aka samo takwas da biyu?

Gwajin wake a ƙwarya

Wannan gwajin kowane ɗalibi zai iya yin sa a gida. Ka samu farin wake ɗari da jan wake ɗari, ka zuba a ƙwarya, ka gauraya, ka rufe ido ka ɗebo goma. Rubuta nawa ne fari, nawa ne ja, ka mayar, ka sake. Ni da ƙannena mun yi ta yi bayan sallar isha'i har Inna ta ƙwace wakenta. Za ka yi mamakin yadda biyar da biyar ke wuyar fitowa.

Ga lissafin. Kifi goma, kowanne ko namiji ko mace, suna iya jeruwa ta hanyoyi 1,024. A cikinsu 252 ne kawai ke ba da biyar da biyar, wato kusan sau ɗaya cikin huɗu. Hanyoyi 56 suna ba da maza takwas ko fiye, wasu 56 suna ba da mata takwas ko fiye. Idan aka haɗa an samu 112 cikin 1,024, kusan ɗaya cikin tara. Ma'ana, idan matasa tara a unguwarku kowa ya ware kifi goma da ka, akwai yiwuwar ɗaya daga cikinsu ya tashi da irin abin da ya same mu, ba tare da kowa ya cuce shi ba. Da a ce ɗari biyun muka duba muka samu maza 160, to wannan ruwa ba ya tsami banza. Idan adadi ya yi yawa sa'a ba ta da ƙarfin karkatar da shi haka. A kifi ɗari, kusan kullum maza za su faɗa tsakanin 40 da 60.

Akwai kuma hannun mai zaɓe. Tarwada ba ta girma daidai wa daida. A kowane zubi ana samun 'yan gaba da ke tsere wa sa'o'insu, waɗanda masu kiwo ke kira shuta, har su koma suna haɗiye ƙananan. Muddin jinsi ɗaya ya ɗan fi ɗaya saurin girma a tankinka, to wanda ya ce "a ba ni manyan" ya riga ya karkatar da ƙwaryar kafin ya rufe ido.

Zafin Kano ma yana da ta cewa

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan. A wajen kifi ƙwayar gado ba ita kaɗai ke magana ba. Kada, alal misali, zafin ramin da aka binne ƙwansa ne ke tantance ko ɗan zai fito namiji ko mace. Tarwada ba ta kai nan ba, amma ta ɗan taɓa. A 2016 masu bincike a Jami'ar Liège ta ƙasar Beljiyam sun wallafa gwajin da suka yi, inda suka ajiye jariran tarwada a ruwa mai zafin digiri 36 a ma'aunin Salshiyas. Sun gano cewa idan zafin ya same su a tsakanin kwana na shida da na takwas bayan ƙyanƙyasa, wasu daga cikin waɗanda gadonsu na mata ne sukan girma a matsayin maza. Ƙarfin abin ya bambanta daga iyaye zuwa iyaye, 'ya'yan wasu sun juya sosai, na wasu kaɗan. A Amurka kuma, wani gwaji na 1996 kan tarwadar da suke kiwo a can ya nuna akasin haka, ruwa mai digiri 34 mata ya ƙara. Ashe ko a dangi ɗaya kowa da halinsa.

Yanzu mai karatu ya auna da garinmu. A watan Afrilu zafin rana a Kano yakan haura digiri 40. Ka ɗauki baƙar roba marar zurfi, ka ajiye ta a ƙarƙashin kwanon rufi ko a saman bene, ka bar ta daga azahar zuwa la'asar. Ba na cewa abin da ya faru da namu ke nan, domin goma ba su isa hujja ba, kuma mai ƙyanƙyasar da ya san aikinsa yana riƙe ruwansa a wajen digiri 27 zuwa 30 ne, a inuwa. Amma duk matashin da ke shirin ƙyanƙyasa a tsakar gida da bazara ya kamata ya san cewa makon farko ba na wasa ba ne. Ma'aunin zafin ruwa bai kai kuɗin buhun abinci ɗaya ba.

Masu kiwon karfasa su da gangan suke neman maza zalla, saboda namijin ya fi girma, kuma idan aka haɗa su da mata sai haihuwa ta cika kududdufi da ƙanana marasa kasuwa. Haka nan a Turai da Amurka masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi suna fama da irin tambayar Yaya. Suna kiwon ƙananan dangin tarwada daga Kudancin Amurka, har da dangin kurungun nan namu na Afirka, kuma da yake 'ya'yan da suke samu a zubi ɗaya ba su da yawa, sau da yawa wake goma suke ɗebowa suna yanke wa ƙwarya hukunci.

Da hankalin Yaya ya kwanta, sai abokin nasa ya nuna masa cewa maza takwas ba asara ba ce zalla. Tarwada ba ta saki ƙwai da kanta a tanki. Allura ake yi wa macen, irin su Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta, sannan bayan kamar awa goma zuwa sha biyu a matse cikinta a hankali ƙwan ya zubo a busasshen kwano. Mace mai kilo ɗaya tana iya ba da ƙwai sama da dubu 50, kuma idan ta huta na wasu makonni ta ci ta ƙoshi za a sake amfani da ita. Shi kuwa namiji ba a iya matso maniyyinsa. Sai an yanka shi, an ciro jakar, an tsattsage ta a kan ƙwan, an gauraya da gashin kaza. Bayan kamar kwana ɗaya jarirai sun fara motsi a ƙasan raga. Ke nan kowane zubi sai ya ci ran namiji, ko da yake guda ɗaya yana isar mata biyu ko uku. Mai ƙyanƙyasa yana buƙatar maza a ajiye, sai dai ba takwas a kan mata biyu ba.

Matsalar da ta fi wannan girma, wadda ba mu ma hango ba, ita ce goman nan wataƙila duk uwa ɗaya uba ɗaya suke, tunda zubi ɗaya aka sayo su. Idan aka yi ta haɗa wa da ƙanwa, sannu a hankali iri yakan raunana, girma ya ragu, a fara ganin masu lanƙwasasshen baya. Yawancinmu masu kiwo a cikin gida daga wurare ƙalilan muke sayen 'ya'ya, kuma ba kasafai ake tambayar asalin iyayensu ba.

Abin da muka yi shi ne musaya. Abokin Yaya ya haɗa mu da wani mai kiwo a wajen Kura wanda irinsa daban ne da namu, aka kai masa maza huɗu a cikin jarka da aka yanke wa baki, ya ba mu mata biyu da namiji ɗaya. Namijin nasa zai hau kan matanmu, mazanmu su hau kan nasa. Yaya ya sayo ma'aunin zafi, ya kafa rumfar zana a kan robobin, ni kuma na buɗe littafi ina rubuta zafin ruwa da asuba, da azahar, da bayan magariba.

Zubin farko muna sa ran yin sa idan damina ta kankama, zafi ya sauka. Mun yi yarjejeniya cewa idan suka kai wata biyar za mu kifar da ɗari cif, ɗaya bayan ɗaya, ƙannena suna riƙe tawul ni ina ƙirga. Yaya ya ce idan maza suka haura 70 zai koma wa zarginsa, ko da yake a wannan karon ban san wa zai zarga ba, tunda shi ne mai ƙyanƙyasar.