Sabuwar Furosesa da Tsohuwar Windows: Za Su Zauna Lafiya?

Yau magana ce a kan mai shirin canza furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma yana so ya ci gaba da tsohuwar Windows ɗin da hannunsa ya saba da ita. To ɗan'uwa, kafin ka fitar da kuɗinka, tsaya ka ji.

Mu fara da masu riƙe da Windows 7, don na san har yanzu suna nan da yawa, musamman a shagunan buga takardu. Tun 2017 Microsoft ya daina tura wa Windows 7 da 8.1 sabuntawa idan aka ɗora su a kan furosesar Intel zubi na 7 zuwa sama, ko Ryzen ta AMD. Kuma faifan girka Windows 7 bai zo da direban USB 3 ba. Sai ka ga an fara girkawa, kibod da linzami sun ƙi motsi, ka ɗauka na'urar ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne zubi na 12 da Intel ya fitar a ƙarshen 2021. A da, ma'aikatan da ke cikin furosesa duk ƙarfinsu ɗaya, duk wanda aka miƙa wa aiki ya wadatar. Yanzu an raba su gida biyu: akwai ƙarfafa masu ɗaukar aiki mai nauyi kamar tace bidiyo, akwai ƙanana masu cin wuta kaɗan, su ke kula da ayyukan bayan fage. To wa ke rabon aikin? Babbar manhaja, wato Windows. Intel ya sa wani ɓangare mai suna Thread Director da ke ba ta shawara, kuma Windows 11 ce aka tsara ta saurare shi sosai. Windows 10 za ta tashi, za ta yi aiki, amma wani lokaci sai ta ɗora wa ƙaramin ma'aikaci kayan babba. Ka biya kuɗin doki, kana samun tafiyar jaki.

Ni dai a ganina, in za ka sayi irin wannan furosesa, ka koma Windows 11 kawai. Dama tun 14 ga Oktoba 2025 wa'adin tallafin Windows 10 ya ƙare.

Sai dai ita ma Windows 11 tana da nata sharaɗin: tana neman TPM 2.0, kuma galibi furosesar Intel daga zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Masu sayen kwamfuta ta hannu, ku duba wannan tun a gaban mai shago.

Su kuwa kwamfutocin Apple masu M1, tsarin ARM ne, Boot Camp ba ya aiki a kansu. Wannan sai a shiri na gaba. Ku huta lafiya.