Wayar da Ke Ƙirga Taku



Wanda ya yi sammako a Dutsin-Ma bayan sallar asuba ba zai rasa ganinsu ba: samari suna sassarfa a gefen titi, wasu ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, wasu na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Da sun tsaya, tun numfashi bai daidaita ba, sai a zaro waya a duba taku nawa aka yi.

To yaya waya ta san ka taka ƙasa? A cikinta akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce ƙwayar dawa ba, aikinta jin girgiza. Duk jijjigar da ta zo a jere, sai ta ƙirga ta a matsayin taku. A nan gizo yake saƙa. Ɗan acaɓan da ya yini yana sukuwa a kan hanyar burji ta ƙauyukan Kurfi, wata wayar za ta iya ba shi ladan tafiyar da bai yi ba. Manomin da ya duƙa da fartanya tun safe har azahar, wayarsa na aljihun rigar da ya rataya a reshe, ita a wurinta barci ya yi. Ko taku 10,000 ɗin da ake ta bugun ƙirji da shi, asalinsa tallar wani kamfanin Japan ne da ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965.

Inda waya ta yi abin a yaba mata shi ne tsalle. Wani masani ɗan ƙasar Sifen, Carlos Balsalobre, ya ƙirƙiro manhajar My Jump, kuma a 2015 aka wallafa binciken da ya gwada ta da na'urorin ɗakin gwaji. Dabarar ba wuya: a ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya, a gano lokacin da ƙafa ta bar ƙasa da lokacin da ta dira. Rabin daƙiƙa a sama, kusan santimita 30 ke nan. Ɗan ƙwallo ko ɗan dambe da ya ga tsallensa na yau ya gaza na makon jiya, jiki ne yake cewa a sarara masa. Kocin unguwa, ka ji wannan da kyau kafin ka ce yaro lalaci yake yi.

Akwai kuma gwajin da likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da shi a 1968: gudu na minti 12, a auna nisan da aka ci. GPS na waya zai auna maka, amma yakan yi ɗan kuskure, don haka ka riƙe hanya ɗaya da waya ɗaya, ka gwada kanka da kanka wata bayan wata.

Bugun zuciya kuwa, ɗora yatsa za ka yi a kan kyamara, fitila a kunne. Tana lura da yadda launin fata ke sauyawa duk lokacin da jini ya harbo. Baligi a zaune yakan yi bugu 60 zuwa 100 a minti. Wannan ba awon hawan jini ba ne, wancan sai asibiti. In hunturu ya kankama, ka murza hannu ya yi ɗumi tukuna, don yatsa mai sanyi yakan rikita ta.